Giwa Ba Ta Gyara Zama

Masaukin baƙi, Gandun Daji

Zuwa ga Autar Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gidanki, da gwiwar nan taki da ba ta so a manta da ita. Mu ma mun sauka lafiya lau, alhamdulillahi. Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. A nan waya ba ta da wani amfani sai duba lokaci. Direban da ke kawo wa masauki cefane ne ya ce zai riƙa ajiye miki saƙo in ya shiga gari, ya kuma taho mini da amsa.

Auta, Allah ya yi wa 'yar nan tamu albarka da ta matsa sai mun zo hutun nan. Na san dabararta, so take gida ya huce, amma ko ma mene ne na gode. Ɗakinmu fes, taga tana kallon wani tafki, birai kuwa suna yawo a kan rufi kamar su suka gina shi. Maman yara ta ce tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa wuni ba ta leƙa tukunya ba sai yanzu. Har ta fara yin ƙiba a ido, ko kuwa idona ne.

Da sassafe ake zuba mu a wata buɗaɗɗiyar mota a shiga daji da mu. Jagoranmu wani dogon mutum ne, na sa masa suna Malam Shiru, don ba ya buɗe baki sai in zai ce a yi shiru. Sauran baƙin kowa da kyamararsa mai dogon baki kamar taɓarya, suna ta ƙyas-ƙyas babu lissafi, ko kaza ta gifta sai sun ɗauka. Ni dai kallonsu nake. Shekara arba'in ina tsayar da ango da amarya, da jarirai masu tsala ihu, da tsofaffi masu taurin kai, har su fito tsaf a hoto. Barewa ce za ta gagare ni?

Sai dai in gaya miki gaskiya, dabbobin nan ba su da tarbiyya. Da ka ɗaga kyamara sai su juya maka baya. Hoto kuwa sai da fuska. Na ɗan yi wa wata ɓauna fito don ta ɗago kai, sai Malam Shiru ya zuba mini wani kallo kamar na zagi surukinsa.

Ga katin kyamara nan a cikin ambulan. Ki miƙa wa ɗan naki ya wanke. Ki ce kada ya yanke, kada ya ƙara kala, ya fito da su yadda na ɗauka. Ya kuma goge madubin shago, mutane ba sa jin daɗin gyara hula a madubi mai ƙura.

Ki gai da kowa da kowa.
Yayanki,
Mai Hoto

*

Zuwa ga Yaya Mai Hoto,

Wa alaikumus salam. Mun ga saƙo, mun yi murna da kuka sauka lafiya. Gwiwa da sauƙi, ta ce a gaishe ka. Ka gai da matar Yaya, ka ce ta ci ta sha ta miƙe ƙafa, ta daɗe da cancantar haka.

An wanke hotuna. Yaya, na yi dariya har sai da maƙwabciya ta leƙo ta ce lafiya? Na ga ɗuwawun barewa, na ga wutsiyar ɓauna, na ga ƙafafun raƙumin dawa babu kai. Ashe duk namun dajin nan ta baya aka halicce su? Kai da kake cewa ko aljani ya shigo shagonka sai ya gyara zama.

To, dariya ta ƙare, yanzu ka buɗe kunne. "Ɗan naki" ka ce. Tun yaushe ya zama nawa ni kaɗai? Gida ɗaya kuke kwana, shago ɗaya kuke wuni, amma magana sai ta biyo ta kaina kamar ni ce gidan waya. Ka san abin da ya faru, ni ma na sani, amma bari in maimaita tunda kai ka iya yin kamar ka manta. Bikin 'yar mai kemis yaron nan ya wuni a tsaye. Ya ɗauki kakar amarya tana share hawaye, ya ɗauki yara suna tsalle, ya ɗauki ango yana dariya hula a karkace. Ka karɓi kyamara a gaban mutane ka goge su tas, wai hoto sutura ne, ba a kama mutum bai shirya ba. Namiji mai gemu ka yi wa haka, ba ɗan koyo ba.

Ga abin da ba ka sani ba. Wasu masu buga mujalla a can nesa sun ga aikinsa, sun ce ya zo. Ya amsa musu. Ƙarshen wata zai tafi. Har ya sayi akwati, yana ƙarƙashin gadona, don ba ya so uwarsa ta gani hankalinta ya tashi. Na rantse masa ba zan faɗa ba, ga shi na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ba shagon nake ji ba, ko da yake hannunka ya fara rawa, kai ma ka sani. Abin da nake tsoro shi ne ɗan da ya fita gida da fushi ba ya saurin dawowa. Wallahi abin yana hana ni sukuni.

Ya goge madubin.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Autar Inna,

Assalamu alaikum. Na ga takardarki, na kuma ji ruwan faɗan da ke ciki. Tun kina goye bakinki ya fi ki girma, ban yi mamaki ba.

Maganar yaro, mai son tafiya ba a riƙe masa riga. Amma ki tsaya ki ji. Mutum yana da haƙƙin a nuna shi yadda yake so jikokinsa su gan shi. Tsohuwar nan ta ci ado, ta ɗaura mayafinta na fita kunya, sai a kama ta fuska a yamutse, hanci na zuba? Wa ya tambaye ta? Ni abin da maigidana ya koya mini ke nan, kuma ban taɓa kunyata kowa a bango ba. Ban gaya wa Maman yara zancen akwati ba, kada in ɓata mata hutu. Mu bar shi nan.

Yanzu ga labarin da za ki samu abin yi mini dariya har shekara. Jiya muka yi kiciɓis da giwaye. Auta, duk abin da kika gani a talabijin ƙarya ne, sai kin ji ƙasa tana amsawa in sun taka. Direba ya kashe mota. Ga wata uwa, ga ɗanta ƙarami a gindinta, kunnuwa kamar faifai, kyakkyawa da shi. Haske ya yi daidai, bayansu kore shar. Abu ɗaya ya rage, ɗan ya kalle ni. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana wasa da hancinsa.

Kin san 'yar ƙararrawar nan da nake kaɗa wa jarirai su kalli kyamara? Ba ta barin aljihun rigar aikina. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, hannu ne ya yi abin da ya saba. Sai ji na yi ƙililin-ƙililin, har da cewa, "Yauwa ɗan baba, kalli nan!"

Ya kalla kuwa. Uwar ma ta kalla. Ta baje kunnuwa, ta kurma wani ihu da na ji shi har cikin haƙorana, ta yo kanmu. Direba ya tayar da mota ya yi baya da gudu, na yi zaman 'yan bori tsakanin kujeru, ƙafa sama, yatsana a kan maɓalli kyamara tana ta ɗauka. Wata baƙuwa tana kiran uwarta, Maman yara tana salati tana riƙe da wuyan rigata. Giwar ta ɗan biyo mu kaɗan ta tsaya, don dama kashedi ne.

Da muka yi nisa Malam Shiru ya miƙo hannu, na zuba masa ƙararrawar ba musu. A ranar na fara jin doguwar magana daga bakinsa. Ya ce, "Baba, nan ba shagonka ba ne. Mu ne baƙi a gidansu." Na ba kowa haƙuri, don gaskiya na ja wa mutane tsoro. Maman yara kuwa tun da muka dawo, da ta kalle ni sai ta ce "ɗan baba, kalli nan," ta kifa kai tana dariya har da hawaye. Rabon da in ji ta tana irin wannan dariya na manta. Don haka ban yi asara duka ba.

Ga kati. Na farko-farkon a wanke. Waɗanda suka karkace lokacin da na faɗi, a goge su, ba hotuna ba ne.

Yayanki,
Mai Hoto

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Da giwa ta taka ka me zan gaya wa mutane? In ce ya rasu yana lallashin jariri? Na karanta wa yaron takardarka a shago, ban tsallake ko layi ba sai zancen akwati. Ya yi ta cije leɓe, daga baya dariya ta ƙwace masa har ya dafa tebur. Tun ranar bikin nan ban ga haƙoransa ba.

Da ya sa katin a na'ura sai dariyar ta ɗauke. Ya tsaya a kan ɗaya daga cikin karkatattun nan naka, ya daɗe yana kallo. Na ce, "Babanka fa ya ce a goge." Ya ce, "Gwaggo, ni ba na goge aikin wani." Na haɗiye yawu, kai ma ka haɗiye naka.

Ya wanke shi babba. Ga ƙaramin nan na sa maka a ambulan, ka duba da kanka. A karkace yake, gaskiya ne, har da ƙarfen mota a gefe. Amma dubi uwar. Ta sa hanci ta tura ɗan ƙarƙashin cikinta, ƙura ta tashi, idonta ɗaya yana kanka. Ni da ban san komai a hoto ba sai da tsigar jikina ta tashi. Yaron ya ce, "Irin wannan nake nema kullum, ga shi Baba ya samu yana kwance." Ya jingina shi a kan kanta, masu wucewa suna ta tsayawa. Mai gyaran takalmi ya ce kamar matarsa in an taɓa mata ɗa.

Akwai wata magana da ban so in gaya maka ba, don za ka kumbura, amma ba na cin amana. Na je kemis sayen maganin gwiwa na tarar da kakar amarya. Na tambaye ta zancen hoton kukan, ina jiran ta ba ni sandar da zan doke ka da ita. Sai ta ce, "Allah ya yi wa Mai Hoto albarka da ya rufa mini asiri, ni da ba ni da haƙoran gaba." To, ka ji taka. Amma amaryar tana wajen, ta ce ita kuwa ta gan shi a kyamara kafin ka goge, wannan hoton ta fi so duk cikin bikin, don ba ta taɓa sanin kakarta za ta yi kuka a kanta ba. Ka ji tasa. Ni na rasa wanda zan ba gaskiya, na karɓi maganina na fito.

Ya sayi tikiti. Motar Litinin ce, ku kuma sai Laraba za ku dawo. Na ce ya jira ku, ya ce sallama a tsaye ta fi masa wuya. Yaya, ni na gaji da zama gada. In kana da magana, ka san inda shagonka yake.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Autar Inna,

Assalamu alaikum. Hoton ya iso. Na jingina shi a jikin butar shayi, ina kallonsa ina jin haushi, don ya fi duk waɗanda na ɗauka da hankalina kyau.

Bayan abin ƙararrawa na ce ba zan sake shiga mota ba, kada baƙi su riƙa kallona suna matsawa. Sai Malam Shiru ya kai mu wata 'yar rumfa ta katako a bakin tafki, mai siririyar taga, inda ake zama a jira dabbobi su zo shan ruwa. Ya ce sharaɗin wurin ɗaya ne, kuma na san shi. Muka zauna ni da Maman yara. Auta, ashe shiru aiki ne. Bayana ya ƙage, ƙafa ta yi tsami, ƙuda ya mayar da hancina wurin hutawa, ba halin in kore shi da ƙarfi.

Can sai ga gadu, aladen daji, da 'ya'yansa, wutsiya a tsaye, suka durƙusa suna kiwo. Sai barewa, tana taku ɗaya tana waige. Da rana ta yi sanyi sai ga raƙumin dawa. Ya daɗe yana dube-dube, sannan ya fara ware ƙafafun gaba a hankali, a hankali, yana sauko da wannan dogon wuya. Na ɗaga kyamara. Kin san abin da na yi? Na tsaya jira ya ɗago ya miƙe tsaf, don a ganina bai kamata a ɗauki babba a wannan hali ba. Ya sha ruwansa, ya ɗago, ruwa yana zuba daga bakinsa rana tana haska shi, kafin in danna ya juya. Na samu wuya da bayan kunne. A nan na gane abin da yaron nan yake yi ba sakaci ba ne. Sai ka riga abin zuwa, ka san zai faru kafin ya faru. Ni ban iya ba. Na saba in ce a tsaya, a tsaya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Lokacin da raƙumin yake ware ƙafafu, Maman yara ta raɗa mini, "Kamar Auta za ta zauna a tabarma." Ki yi haƙuri, ita ta faɗa. Ta toshe baki tana dariya babu sauti, kafaɗu na rawa, ɗankwali ya zame furfura ta fito, hasken tagar nan ya faɗo mata a gefen fuska. Ban san lokacin da na juya kyamara ba. Ƙyas.

Ta ce, "Kai! Goge shi. Ba kwalli, ba komai, kamar wata mahaukaciya." Da dokata, gaskiyarta ce, ba ta shirya ba. Na kai yatsa kan maɓallin gogewa, yatsa ya ƙi. Ina da hotunanta cike da akwati, duk a zaune, hannu a kan gwiwa, kamar baƙuwa. Wannan kaɗai ne matar da nake zaune da ita. Na ji a raina in aka goge shi wani abu zai tsinke mini, sai na tuna yaron nan a tsaye a wajen bikin yana kallon yatsana.

Na miƙa mata kyamarar na ce, "Fuskarki ce, duba. In kin ce a goge, ke ki goge." Ta kalla ta kalla, ta ce, "Ashe haka na tsufa." Can ta ce, "Bar shi. Amma kada in gan shi a bangon shago."

Na gaya mata zancen akwati. Ta ce ta sani tuntuni, ita ta wanke masa kayan da zai zuba a ciki, tana jira ne ta ga yaushe zan farka. Kun iya haɗa baki, ku mata.

Akwai wata 'yar takarda a ciki. Ba taki ba ce. Na san za ki karanta, amma ki miƙa masa yau, kada ta kwana.

Yayanki,
Mai Hoto

*

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da aiki.

Ga kati. Akwai hoton mahaifiyarka a ƙarshe. Ka wanke shi yadda ka ga ya dace, in yanka ne ka yanka, kai ka fi ni sanin irinsa. Na gida ne, ba na bango ba.

Telan unguwarmu tun kafin mu taho ya ba mu aikin bikin ɗansa ranar Asabar mai zuwa. Kai za ka ɗauka, daga farko har ƙarshe, yadda idonka ya ba ka. Abu ɗaya nake roƙo, a nuna wa mai fuska kafin a nuna wa duniya. Ni zan riƙe maka fitila.

Idan ka riga ka ɗauki alkawarin da ba ya warwaruwa, to ka tafi da albarkata, amma ka bari mu dawo in gan ka. Ban iya irin wannan magana ba, shi ya sa zan faɗe ta a gajarce. Ba na so ka tafi.

Mahaifinka

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da fatan alheri, kai da Mama. Shago lafiya.

Na wanke hoton Mama. Ban yanke komai ba, babu abin yankewa. Na yi guda biyu, ɗaya naka, ɗaya nawa, in ta yarda.

Da safe na je tasha na mayar da tikitin. Mutanen mujalla na ba su haƙuri, sun ce in riƙa aika musu aiki daga nan. Gwaggo tana gefe tana share ido, ta ce mura ce.

Ta ce in tambaye ka, wai mai riƙe fitila zai iya wuni guda bai ce uffan ba? Na ce mata in ma ya yi magana zan saurara.

Allah ya dawo mana da ku lafiya. Zan zo tarbarku ranar Laraba.

Ɗanka